Ƙirgen Ƙarfe

Motar Barma ja ce, kujera biyu, ba rufi,
cikinta dab da ƙasa
kamar ƙadangare a kan dutsen Birni.
Wani malamin lissafi ya bar ta a Damagaram
tun ina yaron gareji mai miƙa sifana.

Ran Lahadi, in an sauko daga la'asar,
Barma ya kulle shagon magani, ya kifa hular kwano,
ya kai ta filin marmara, can gefen hanyar Tanut,
inda aka jera matattun tayoyi aka yi da'ira.
Zagaye goma sha biyu. In ransa ya yi daɗi, ashirin.
Yara a kan tudu suna ƙirgawa da ihu.

Ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba shi ma ƙirgawa yake,
sai dai ba ya gaya wa kowa inda ya kai.

Ka taɓa yanke waya ba filaya?
Ka lanƙwasa, ka miƙe, ka lanƙwasa.
Ba ta ce uffan ba.
Ta ɗan ɗumama a yatsa, gwiwarta ta yi fari,
sai ga biyu a hannunka.
To, lanƙwasa ta nawa za ka kai ƙara?

Maigidana Kalla, Allah ya jiƙansa,
ba ya yarda da ido.
Yakan ƙwanƙwasa da sifana, ya kara kunne:
lafiyayye yana amsawa har ƙofar gareji,
mai ciwo kuwa ya ce ƙwas, ya yi shiru.
In ya yi kokwanto ya shafa kananzir, ya goge,
ya barbaɗa garin alli, ya tafi shan shayi.
Kafin ya dawo tsagar ta tona kanta,
baƙin zare, bai kai silin gashi ba.

Ni na san duk wannan.
Bana ban yi ba. Aiki ya yi yawa, alli ya ƙare,
na ce sai bayan salla.

Ba a kwana ta karye ba.
A miƙaƙƙiyar hanya ne, zagaye na huɗu,
bai ma taka sosai ba.
Tayar dama ta shige ciki,
motar ta durƙusa kamar raƙumi a kasuwar Dole,
ta ja haɓa a ƙasa taku talatin.
Barma ya fito da fasasshen leɓe yana dariya,
sannan ƙafafunsa suka ƙi, ya zauna a marmara.

Da dare na juya guntun a ƙarƙashin fitila.
Kashi biyu cikin uku na bakin karayar sumul, ya yi duhu,
da layi-layi, baka bayan baka,
irin wanda ruwa ke bari a rairayin ƙorama.
Kowane layi wata Lahadi ce.
Sauran kuwa fari tas, tsaki-tsaki kamar sukari,
faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba.
A kan wannan mutum mai ƴaƴa bakwai
yake gudu tun bara.

Na bi layukan baya da tsinken ashana,
suna ƙanƙancewa, suna taruwa,
har suka tsaya a gefen wata tsohuwar walda.
Na gane hannun.
Shekara tara ke nan. Har yabo na sha.

Da safe ya zo, leɓe ɗinke, da ƙosai a takarda.
Ya ce, Mato, ka liƙe mini kafin Lahadi.
Na ce wannan ya gama nasa, sai a nemo a Kano.
Ya ce, na hagun fa?

Na kwanta a ƙarƙashi da sifana.
Injin niƙan maƙwabta na ta ruri.
Na ce wa yaro ya je ya roƙe su
su kashe na minti ɗaya.